Ni na gyara manhajar, amma sunan abokina ake kira

Salamu alaikum jama'ar wannan gida. Adimin, ka taimaka ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abu ne yake cina a rai, kuma kunya ta hana ni gaya wa kowa ido da ido, in ban da matata.

Ni mai gyaran kwamfuta ne, shagona yana Aboabo a nan Tamale. Yawancin kwastomomina masu ɗaukar bidiyon biki da suna ne, kuma da yawansu tsofaffin kwamfutoci suke aiki da su. Damuwarsu kullum ita ce yadda za su kwashe aiki daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa, filash ya cika su da bairos, intanet kuma ba ya ɗauka. Sai na samo wata tsohuwar manhaja ta tura fayil ta wayar kebul tsakanin kwamfuta biyu, wadda masu ita suka saki sos kod ɗinta kyauta, wato ainihin rubutun da ake haɗa manhajar da shi. Abin ya tsufa har ya ƙi haɗuwa. Wata huɗu na yi ina fama, in gyara nan can ya ɓalle, ina tsaka da haɗawa a ɗauke wuta. Ranar da ta tashi, ni kaɗai na yi ta kabbara a shago kamar mahaukaci.

Ina da aboki, bari in kira shi Fuseini, tun makarantar allo muke tare, shagonsa yana unguwar Sabonjida. Ya zo ya gani, ya ce in ba shi, na ba shi da sos kod ɗin duka, don ƙa'idar masu ita ke nan, in ka ba mutum manhajar sai ka haɗa masa da rubutunta. A wannan harka akwai wani fayil da duk wanda ya taɓa aikin yake rubuta sunansa. Fuseini ya ce in sa nawa, sau biyu yana faɗa. Ni kuma da iyayi na ce a'a, don Allah na yi. Gaskiyar magana tsoro nake ji, kada abu ya lalata wa wani aiki a zo ana nemana.

To shi ya zauna ya rubuta bayanin yadda ake haɗa ta dalla-dalla, da Turanci da Hausa da Dagbanci, ya ɗora a intanet, ya riƙa bin shaguna a kan babur yana saka wa mutane. Yau duk garin nan "manhajar Fuseini" ake cewa. Wani kwastomana ya zauna a kan bencina yana ba ni labarin irin ƙwaƙwalwar Fuseini, har yana ce mini in je in koya a wurinsa. Ni! Na yi murmushi, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na san bai sace mini komai ba, duk inda ya je yana cewa ni na yi aikin, mutane ne ba sa riƙewa. Wannan ma ya fi ba ni haushi, don na rasa laifin da zan kama shi da shi.

Ga inda matsalar take. Bayan na ba shi, na gano cewa in an haɗa manhajar a kan tsohuwar kwamfuta yadda ya rubuta, duk fayil ɗin da girmansa ya wuce giga biyu sai ta yanke shi, kuma ta nuna maka an gama lafiya. Bidiyon biki kuwa yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Gyaran ba wani abu ba ne, layi biyu ake ƙarawa kafin a haɗa. Na gyara tawa, na yi shiru. Shi bai lura ba saboda kwamfutarsa sabuwa ce, waɗanda ya saka wa kuma yawanci hotuna da takardu suke turawa.

Ranar Asabar mai zuwa ƙungiyar masu bidiyo ta gayyace shi ya saka wa membobinta gaba ɗaya. Na san mutanen nan, da sun ga an gama turawa suke goge na tsohuwar kwamfuta don wuri ya samu. Bikin mutane zai tafi, rabin bidiyo babu, kuma ba a sake ɗaura aure don mai kamara. Sunan Fuseini zai ɓaci a garin nan.

Matata kaɗai na gaya wa, muka yi faɗa sosai. Ta ce wannan ba kishi ba ne, mugunta ce, wai amaren da za su rasa bidiyonsu me suka yi mini. Na ce mata ba ta san zafin a ci guminka ba, ta ce ai ni na ƙi sa sunana da hannuna. Tun ranar gaisuwa kawai muke yi.

Zuciyata tana ce mini in bari sai abin ya fashe, sannan in fito in gyara a gaban kowa, a san waye mai aikin. In kuma na gaya masa yanzu, zai tambaye ni tun yaushe na sani, kuma wata bakwai ke nan. Ƙarya zan yi masa ko gaskiya?

Jiya Fuseini ya aiko mini da fugu sabo, wato rigar saƙi ta gargajiyarmu, irin nasa sak, wai mu saka tare ranar Asabar, in zauna a gaba ya nuna ni a matsayin malaminsa. Na gwada, ya yi mini daidai, ko awona bai tambaya ba. Na kira shi na yi godiya, muka yi ta dariya, na kashe waya ban faɗa masa ba.

Jama'a, kwana uku ya rage. Ta ina zan fara yi masa bayani? Ku faɗa mini gaskiya ko da zagi ne, zan karanta duka.