Hancin da Kika Ba Ni

Inna,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki? Ya Baba da gareji, ya ƙannena? Ni lafiyata ƙalau. Ciwon kan da Yaya ya gaya miki na warin mai ne kawai, da na huta yake sauka. Yawanci dai.

Kin tambayi aikina. Wurin tsohuwar ma'ajiyar man fetur ce da aka rushe tuntuni, amma man da ya tsiyaya yana nan a ƙarƙashin ƙasa. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar, an haƙa ƙananan rijiyoyi goma sha biyu. Ni nake ɗibar ruwansu a kwalabe, a kai gwaji.

Makon jiya aka ce a rufe ta bakwai, wai ta tsarkaka. Sai na shinshina kwalbar, yadda kike sa mu shinshina guga kafin mu sha, muna ta gunaguni. Na ce wa shugabarmu, "Ranki ya daɗe, akwai saura." Ta yi dariya, amma ta sa aka sake gwadawa. Ashe da sauran man, har ya doshi rijiyar wata makaranta da ke kusa! Yanzu "Hanci" suke kirana. Allah ya saka miki da alheri, Inna.

Roƙona ɗaya ne: ki lallaɓa Baba ya daina zubar da baƙin mai a bayan gareji. Taku ashirin ne tsakanin wurin da rijiyarmu. Nan an ce sai an shekara talatin ana gwaji. A gidanmu kuwa, hancinki kaɗai muke da shi.

Ɗanki mai kewarki.