Kwalabena da Ka Sa Aka Zubar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau, ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shagon walda.

Yaya, raina a ɓace nake rubuta maka. Ka san aikina na kammala karatu. Ina tsinto ɓawon lemo da na albasa da ake zubarwa a kasuwa, in busar, in niƙa, in jiƙa, in tace ruwansu, in zuba a kwalaben ruwan gishiri masu ƙusoshi a ciki, don in ga wanne ke hana tsatsa. Wata biyar ina auna ƙusoshin nan duk Asabar. Da ɗakin gwajin makaranta ya cika, sai na jera kwalabe arba'in a ɗakinka, wanda rabonka da kwana cikinsa shekara uku ke nan.

Ranar Talata na dawo na tarar da ɗakin fes. Mama ta ce kai ka bugo waya, wai ka ji na mai da ɗakinka bola, a kwashe komai. Ta ce ta so a jira ni, ka dage. Na ruga juji na tona da hannuna, kwalba uku kawai na samu, su ma lambobin da na rubuta a jikinsu sun goge. Haba Yaya! Lambata tana wayarka. Tambayata ce ta gagare ka?

Abin da ya fi ƙona min rai, sakamako ya fara fitowa. Ƙusoshin ɓawon lemo suna ƙyalli, waɗanda ban sa wa komai ba sun yi jajawur. Baba har ya ce zai gwada a ƙofofinsa, don ya gaji da ƙorafin masu saye kan tsatsa. Malamina kuwa ya ce ba ya karɓar rabin aiki, sai in sake daga farko. 'Yan ajinmu za su gama su bar ni.

To, na sake. Jiya Baba ya haɗa min kanta ta ƙarfe, ya kafa a ɗakinka, ya sa kwaɗo, ya damƙa min mabuɗin. Ya ce in gaya maka idan ka zo hutu, falo na nan.

Ka gaishe da Anti da 'yan biyu. Mama da Baba suna gaishe ka. Tawa gaisuwar sai ka kira ka ba ni haƙuri.

Ƙanwarka,
Auta