Ɓargon da Na Ba Sani

Yaya Balki,

Gaisuwa mai yawa daga Yelwa. Ina gajiya, yaya maigida da yara, yaya zaman Kumasi? Inna na gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi.

Kin ji rasuwar ƙanenmu Sani, amma akwai abin da na ɓoye miki. Da likitoci suka ce ɓargonsa ya taurare ya daina yin jini, sai an dasa masa na wani, nawa kaɗai ya dace da nasa. Sai mata a kasuwar kifi suka ce wadda ta ba da ɓargo ba ta ƙara haihuwa. Na tsorata, na yi damina guda ina kawo uzuri, shi kuma yana ta ramewa.

Da muka fita ƙasar waje aka yi dashen, ya kama, har jininsa ya fara dawowa. Sai dai jikin ya riga ya raunana, zazzaɓi ya kayar da shi, bai tashi ba. Ga shi yanzu ina da ciki wata huɗu.

Bai taɓa tambayata dalilin jinkirin ba. Abin da ya ce kawai, "Hajara, kin ba ni, na gode."

Ki roƙa masa gafara, ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin faɗa wa Inna gaskiya. Ki gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Hajara