Makarar Aro

Litinin, 2 ga Mayu, 1977
Saura fitowa ɗaya fim ɗina ya kammala: ɗaukar gawar manomin da labarin ke kansa. Fim ɗin da ya rage a kyamara bai wuce na ɗauka ɗaya ba. Idan wannan ya lalace, sai komawa gidan talabijin a Kaduna, in ci gaba da fitowa a sakaran ɗan aike ana dariya. Na rantse na bar wannan.

Alhamis, 5 ga Mayu
Ba mai shiga makara da ransa. Mijinyawa, da ya fito a manomin tun farko, ya ce, "Ubale, na yi maka noma, na yi maka ciwo, amma ba na kiran mutuwa da hannu." Kowa na son fim, ba mai son likkafani.

Asabar, 7 ga Mayu
Gamaliel mai riƙe mini kyamara ya ce in cusa tsumma. Mun gwada. Ko makaho ya san ba mutum a ciki, kafaɗun masu ɗauka ba sa nuna nauyi.

Litinin, 9 ga Mayu
Ni zan shiga. Ban gaya wa Inno ba, don na san abin da uwa za ta ce.

Laraba, 11 ga Mayu
Mun ari makara, na shirya mutum shida masu ɗauka. Na manta a Keffi nake. Kafin mu sauka Gangaren Tudu masu shago sun rufe sun biyo mu, kowa na karɓar kafaɗa don lada. Ina ciki a naɗe, zafi kamar tanda, ina jin wani na tambaya, "Wa ya rasu?" Wani cikin mutanena ya ce, "Ubale ne a ciki." Bai ƙara komai ba, wai kada ya ɓata ɗaukar fim.

Labari ya riga mu isa unguwarmu, Angwan Iya. Sai na ji muryar Inno. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, sai "wannan" ko "shi". Yau ta kira sunan a tsakiyar titi, ta sake kira, muryarta ta tsage.

Ina jin kyamara na gurnani kusa da kaina. Ban motsa ba. Na jira sai da Gamaliel ya ce ya isa.

Lahadi, 15 ga Mayu
Gamaliel ya ce bai taɓa ɗaukar abu mai kyau haka ba. Fuskar Inno duk ta fito, ba mayafi, ba takalmi. Ya ce Legas za ta girgiza. Na san gaskiya ya faɗa, abin da ke cina ke nan.

Inno ba ta yi faɗa ba. Tana turo mini tuwo da zafinsa, amma idan na shigo sai ta juya wa ƙofa baya. Da duka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 20 ga Mayu
Yau ya kamata gwangwanin fim ɗin ya tafi Legas a wanke. Ina dubawa a tsakar gida, murfin ya buɗe a rana tsaka. Haske ya cinye shi duka. Na ce wa Gamaliel kuɓuce mini ya yi. Ya daɗe yana kallona.

Inno na bakin murhu, ta ga komai. Ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanwata, "Ki tambaye shi ko motar Kaduna da sassafe take, in dafa masa guzuri."