Katifa a Ƙasan Ɗakin Haihuwa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya nauyin jiki? Kumburin ƙafar ya sauka? Ki shafa mini kan 'yata, ki gaida maigidanki. Ki ce wa Inna ta daina ɓoye maganin gwiwarta a ƙarƙashin matashi, ba ya aiki daga can.

Saƙonki ya iso ta bakin Inna. Wai kin rantse ko za ki mutu a ɗakinki za ki haihu, ba za ki sake taka asibitinmu ba. Tun da kin daina ɗaukar wayata, ga takarda, ita ba a kashe ta.

Ban ga laifinki ba. Lokacin haihuwarki ta fari ina can wurin ƙaro karatu, amma ɗakin nan na san shi kamar yunwar cikina. Na san dogon gadon ƙarfen, da ƙarafan da ake rataye ƙafafu, da ƙofar da ba ta rufuwa. Kin ce kin roƙa a bar ki ki durƙusa don bayanki zai tsinke, aka daka miki tsawa, wata mai tabarau ta ɗaɗa miki duka a cinya, wai ai ba ita ta yi miki cikin ba. Na san ta. Har yau tare muke aiki, Mai Tabarau muke ce mata.

Amma Auta, jinin da kika zubar ranar nan ba wasa ba ne. Wadda ya taɓa ɓalle mata ana tsoron ya sake, kuma in ya ɓalle ba ya jiran a nemo mota. A gida da me za a tare shi, da zani? Ina tsoro, na faɗa miki ƙiri-ƙiri. Ke kaɗai ce ƙanwar da nake da ita.

Duk da haka ba zan roƙe ki ki koma ɗakin da kika bari ba. Ɗakin zan canza. Gadon nan ba don mai naƙuda aka ɗaga shi ba, don mu ne, kada ungozoma ta sunkuya bayanta ya yi ciwo. Haka na faɗa a taronmu, a gaban shugabarmu. Uwar Guga muke kiranta a bayan idonta, don farar rigarta ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Na ce a shimfiɗa katifa mai leda a ƙasa, a rataya labule, mai son gado ta hau, mai son durƙuso ta durƙusa, mu mu bi ta ƙasa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce nan asibiti ne ba tsakar gida ba, kuma ita ba ta horar da ungozoma don ta yi rarrafe ba.

Kin san abin da Inna take cewa a kaina, in na kafe ko jaki sai ya sara mini. Ki ba ni lokaci kaɗan, kuma ki ci gaba da shan maganin ƙarin jinin.

Taki har kullum,
Yayarki

*

Auta ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kin tashi lafiya, ya masu jiki? Ba ki ba ni amsa ba, amma Inna ta ce ta gan ki kina karanta takardata a bayan ƙofa. Wannan ma ya wadatar da ni.

Ki saurari abin da na aikata. Wata ranar da ɗakin ya yi shiru, babu mai naƙuda, na tara ungozomomin da ke bakin aiki na ce yau mu ne masu haihuwa. Kowacce ta hau gadon nan, ta kwanta rigingine, a rataye mata ƙafafu, a bar ƙofa yadda take, sauran mu tsaya a kanta muna hirarmu kamar yadda muka saba. Da farko dariya suka yi ta yi. Ni na fara hawa. Auta, duk shekarun da na yi a ɗakin nan ban taɓa kallon silin ɗinsa ba sai ranar. Akwai tabon yoyon ruwa, da yanar gizo-gizo, da fankar da ta mutu tun ba yau ba. Mai shara ya wuce da bokitinsa ta bakin ƙofa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, alhali da rigata a jikina kuma babu abin da ke ciwo.

Mai Tabarau ce ta ƙarshe. Ta hau tana mita, wai aikin banza. Ba a jima ba ta ce a sauke ta, ƙugunta ya riƙe. Na ce mata ta yi haƙuri, kan jariri bai sauko ba tukuna. Ba wadda ta yi dariya. Da ta sauko ta cire tabarau tana gogewa, ta daɗe tana gogewa. Washegari ita ta shigo da labule daga gidanta.

Muka samo katifa a sito, muka lulluɓe ta da leda, muna wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowace haihuwa. Uwar Guga ta ce to in jini ya ɓalle wa mace a ƙasa fa? Tambayarta gaskiya ce, ban raina ta ba. Don haka muka yi ta gwaji a junanmu, wannan ta murza ciki, wannan ta yi allura, wannan ta ɗaura ruwa, duk a durƙushe, har hannu ya saba. Muka ajiye kayan tsayar da jini a faranti ɗaya kusa da katifar. Likita ya zo ya gani, ya ce shi dai a kira shi da wuri.

Labari ya bazu. Matan da suke zuwa awo su ɓace ranar haihuwa, sai ga su suna leƙowa suna tambaya ko nan ne ake barin mutum ya durƙusa. Gwiwoyinmu sun yi kanta, rigunanmu sun daina fari, kuma ban taɓa jin daɗin aikin nan kamar yanzu ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Uwar Guga ta kai ƙarata sama, wai na kawo abin da ba a rubuta ba, kuma ina zuga ma'aikata. An ce ko in naɗe katifar ko a ɗauke ni daga nan. Na ce su zaɓa mini garin. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Watanki ya kusa tsayawa. Ki zo ki ga ɗakin da idonki, in bai yi miki ba ni da kaina zan mayar da ke gida.

Yayarki mai taurin kai

*

Zuwa ga Auta, maijego,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi kewa. Yaya ƙarfin jiki, jirin ya daina? Yaya jaririya, tana kama nono sosai? Ki gaida Inna da maigidanki. Na iso sabon wurin aikina lafiya, ɗan ƙaramin asibiti ne a ƙarshen hanya, inda mota take juyawa.

Kin ce in faɗa miki abin da ya faru ranar, don rabinsa ba ki tuna ba. To ga shi.

Da hantsi kika iso. Abin da ba ki sani ba, tun da safe Uwar Guga ta sa an kulle katifar a sito, ta jefa makulli a aljihu, ni kuma an riga an sanar da ni canjin wuri. Kika tsaya a bakin ƙofa, kika ga gadon ƙarfe shi kaɗai a tsakiyar ɗaki, kika dube ni. Kallon nan har in mutu ba zan manta ba, kallon wadda yayarta ta yi wa ƙarya. Kika juya kina ce wa maigidanki a koma gida.

Sai muka ji ana jan abu a baranda. Katifar ɗakin hutunmu ce, wadda muke miƙe baya a kai, wata ungozoma ta jawo ta ita kaɗai, takunkumi a fuska, leda a hammata. Ta shimfiɗa, ta durƙusa a kai, ta miƙo miki hannu biyu. Kika shigo.

A kafaɗarta kika rataya har yarinya ta faɗo hannuna. Muna murna, mabiyiya ta fita, sai jini ya ɓalle kamar an kwance famfo. Abin da nake tsoro ke nan. Muka kwantar da ke nan inda kike, kowacce ta kama abin da ta saba a gwaji. Idonki ya juye, ina murza cikinki ina kiran sunanki, wallahi ban san da wace murya ba. Uwar Guga ta shigo da faɗa a bakinta, ta ga abin da ake ciki ta haɗiye shi. Ba ta durƙusa ba, kada in yi mata ƙarya, amma ita ta karɓi ledar ruwan ta ɗaga sama tana matsawa har likita ya iso. Kafin ya sa safar hannu jinin ya tsaya. Da a ɗakinki ne, Auta, da yanzu ba takarda nake rubuta miki ba.

Kin tambaye ni wace ce mai kafaɗar, wai kina so ki aika mata turare. Mai Tabarau ce. Ta cire tabaran ta sa a aljihu kafin ki gan ta, don kada ki gane ta ki fasa shiga. Hannun da kika yaƙushe har ya yi jini, shi ne ya dake ki a wancan karon. Ba ta ce in roƙa mata gafara ba, ni ma ban roƙa ba, wannan tsakaninku ne. Ta dai aiko mini cewa katifar hutun tana nan a ƙasan ɗakin haihuwa, kuma duk ungozomomin sun ce wanda zai ɗauke ta sai ya haɗa da su.

Canjin wurin ba a janye ba, ni ma ban je ban-haƙuri ba. Kada ki yi mini kuka, ke nake so kuma na samu. Da na shiga ɗakin haihuwar nan na tarar da gadon ƙarfe irin wancan sak, har da ƙarafan ƙafa. Ungozomomi biyu ne a nan, masu kirki, sun yi mini maraba sosai. Gobe zan sa su hau.

Taki,
Yayarki