Na Koya wa Kazarki Manta Gida

Zuwa ga Innata, Allah ya jiƙan ki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan makwancinki na cikin haske da rahamar Ubangiji. Ni ce Rabi, autarki. Mutanen Babankatami suna lafiya, an yanke hatsi, an gode Allah. Labarin kajinki na kawo miki. Na san masu karanta wannan za su ce matar nan ta rasa abin yi, a kan kaza take ɓata bakinta. Su ce, bakinsu ne.

Yaya Mamman ya sayar da gida, Inna. Daga Abijan ya sayar, ta waya, ko ƙofar ɗakinki bai zo ya leƙa ba. Maza suka zauna suka ce gida ba ya rabuwa, wani mai fataucin albasa daga Madawa ya saya. Ni sai da aka gama aka aiko mini. Ranar kwashe kaya aka ce kaji harkar mata ce, in ɗauka. Na zuba su a kwando na ratsa gari da su zuwa gidan mijina, ina tafe suna kuka, ni ma haka.

Ba wanda ya tuna irin tarbiyyar da kika yi musu. In kin sayo sabuwar kaza a kasuwa, sai ki ɗaure ƙafarta da tsumma a turke kusa da akurki, ki riƙa ba ta tsaba da ruwa a wuri guda har ta saba. Da yamma ki ƙwanƙwasa gindin ƙwarya da ludayi, su sheƙo daga ko'ina. Ba su hawa tabarma, ba su sa baki a kwano, dokin ƙofa nan ne iyakarsu. In na ɗauki kara zan kore su, sai ki ce, "Aje karan ga, ɗiyata. Kaza ba ta san bugu ba, tsaba tas sani."

Guda ɗaya ce kika yarje wa shiga ɗaki, wake-waken nan da shirwa ta ɗauke uwarta tana 'yar tsako. A ƙwarya kika rene ta, ƙarƙashin gadonki, kina nemo mata gara. Da kin ga ta fara ja da baya tana ɗaga jela sai ki miƙa ta waje, har ta gane da kanta cewa ba a ɓata ɗaki. Maƙwabta suna zolayarki, wai kin sake haihuwa da tsufa. Sunan da suka laƙa mata, 'Yar Ɗaka, shi ya bi ta.

Washegarin ranar da na kai su gidana na sake su kiwo. Magariba ta yi, akurki wayam. Can na same su, jere a ƙofar ɗakinki suna jiran ƙwarya, 'Yar Ɗaka a gaba. Kafin in kai gare su sai da na tsaya a zaure na yi sallama, na jira aka ba ni izini. Gidan da aka binne cibiyata, Inna. Wallahi na ji zafin abin har cikin ƙashina.

Amma ba zan ɓoye miki ba, daga baya na riƙa jiran magaribar nan. Kaji suka zama hujjata ta shiga gidanki, ba ni da wata. Ina bin su a hankali da gangan, ina kallon duwatsun murhunki, da ƙusar da kike rataye carbi, da tabon hayaƙin da ba su riga sun shafe ba. Matar gidan ba ta da laifi, takan ma ba ni kujera. Ni dai ba na zama, don ban iya zaman baƙunta a tsakar gidan nan ba.

Ƙananan kajin ba su daɗe ba suka haƙura da gidana, ciki ne gabansu. 'Yar Ɗaka ce ta ƙi. Ɗakinki ya koma magaza, wato ɗakin ajiya, an cika shi da buhunan albasa, ita kuwa sai ta kutsa ta kwanta a kusurwar da gadonki yake dā. Matar gidan ta yi ta mamaki, ta ce ba ta taɓa ganin kazar da ke wuni a ɗaki ba ta bar ƙazanta ba. Sai ranar da aka shanya irin albasa a tsakar gida, ta bi ta tone shi. Mai albasar da ya sayi gidan ya aiko mini da saƙo a fili: in ya sake ganin ta, wuƙa zai sa mata, sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Na kira Yaya Mamman, ban san ma abin da nake so ya yi ba. Dariya ya yi, ya ce in riga mutumin yanka ta, in yi miki sadaka da naman, in daina ƙona masa kiredin waya a kan tsohuwar kaza. Shi da kika sayar da zakaru kika haɗa masa kuɗin mota ranar da zai fara tafiya. Har yau ban sake kiran sa ba.

Na kwana biyu ina juya abin. In na bar ta, za a yanka ta. In na hana ta, ƙafata ta fita daga gidanki ke nan. Na zaɓi ranta, na ɗauko ilimin da kika yi amfani da shi kika koya mata gida, na juya shi a kanta.

Na yagi bakin tsohon zanenki na ɗaure ta a turke. Ta yi ta fizga har ƙafar ta kumbura, ta ƙi tsaba, da yamma ta juya fuska wajen unguwarku tana kuka. Na ƙwanƙwasa ƙwarya yadda kike yi, ta dube ni ta kau da kai. Da yunwa ta ci ƙarfinta ta fara ci, har ta soma saka ƙwai. Ban taɓa ko ɗaya ba, na bar mata ta kwanta a kansu, don kin sha faɗa cewa, "Inda kaza tay yi ƙyanƙyasa, nan na gidanta." Haka kika ce mini ni ma, ranar da na zo miki yaji da goyon fari kika mayar da ni.

Ta ƙyanƙyashe. Jiya na kwance tsumman. Da rana ta yi sanyi na sa mayafi, na sa takalmi, na tsaya ina jira, don na tabbata za ta kama hanya in bi ta, ko sau ɗaya ne in ƙara ganin ɗakin. Ta je har bakin zaure, ta leƙa titi, sai wani ɗan tsako ya yi kuka a bayanta. Ta juyo, ta tattara 'ya'yanta, ta shige akurkina da ƙafarta.

Na iya, Inna, aikinki bai faɗi ƙasa ba. Na daɗe tsaye da mayafina a ka, ba ni da inda zan je, har aka kira salla.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da alheri a kan duk mai rai da kika ciyar. Ya ba ki gida a Aljanna wanda ba mai sayar da shi, in na zo kuma kada a sa ni jira a zaure. Amin.

Taki har kullum,
Rabi.