An Ja Kujerata

Ƙanena Abugre,

Ina gaishe ka daga Kumasi. Yaya tsohuwarmu Mma da ciwon idonta? Yaya matarka da yara? Ruwa ya sauka a Bolga kuwa?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Aikin ofis ya fi na kanti, ba ɗaukar katan, ba cacar baki da masu sayayya. Ƙafafun ne dai ke kumbura, amma da sauƙi.

Ka san tun ina budurwa a tsaye nake aiki, don in mai kanti ya kama mutum a zaune, kora ce. To, jiki ya saba. Yanzu ko ƙofar ofis ce ta motsa, sai in miƙe zumbur ina "Sannu da zuwa, me za a kawo?" Yaran wurin, sa'o'in 'yata, da gangan suke buɗe ta. "Anti, akwai sabulu?" Sai dariya.

Makon jiya aka ɗauki sabuwar yarinya, kujeru ba su isa ba. Manaja ya ce, "Anti, ai ke kin saba da tsayuwa." Aka ja tawa. Yanzu ni ke yawo da takardu daga bene zuwa bene. Haka na haƙura. A shekaruna wa zai sake ɗaukata? Kantin ma sun sa wata a gurbina.

Ka aiko mini da man kaɗanya in riƙa shafawa, amma kada Mma ta ji dalili. Matashin fatar da ta sayar da zabinta ta saya mini ya iso. Allah ya ƙara mata lafiya. Ka ce mata ya yi wa kujerar daidai.

Yayarka,
Atipoka